Yadda Na Hana Isuhu Kwanciya Daga Gaya Har Bayan Mayahi

Bari in tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni. Ni Nomau na Koona, da furfurata da jikokina, na taɓa ɗaure mutum mai ciwon ajali da rawanina a cikin mota, na hana shi kwanciya yini biyu, ina yi mashi waƙa da zagi. Kuma a lokacin gani nake wata dabara ce Allah ya ba ni wadda ya hana masu takarda. Lakkwal, wato makarantar boko, wata huɗu na yi na gudo, don haka abin da na sani na mota da hannu na koye shi, abin da ban sani ba kuwa iskoki nake ɗora wa.

Wani Alhaji na Tasawa ne ya aike ni Kwatano in koro mashi wata mota ta hannu, irin waɗanda Turawa ke gajiya da su su turo mana ta ruwa. Mai ruwan toka ce, jikinta sumul, injinta na magana a hankali kamar mai ladabi. A filin motocin nan na bakin teku, inda suke jere har iyakar ganinka, babu kowa a cikinsu sai zafi da warin gishiri, a nan mutanenmu na zango suka ce mani in je in ga ɗan'uwana.

Isuhu ɗan kawuna ne, daga wani ƙauye na yankin Issawane, wato taubashina. Tun muna yara shi yake ce mani bawa, ni ma ina ce mashi bawa, har yau ba a raba gardamar ba. Shekara talatin da ɗaya yana gadin motocin mutane a wurin nan. Na same shi cikin wata bukkar kwano, ciki ya kumbura, ƙafafu kamar karan dawa, idanu sun yi ɗorawa. Likita ta riga ta sallame shi da maganar da ake yi wa wanda ba a son gaya wa gaskiya, wai ya je gida ya huta.

Da ya gan ni sai ya ce ashe har yanzu ba a sayar da ni ba. Na ce wa zai sayi bawan da ubangidansa ya lalace haka. Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da tarin ya lafa ya kama hannuna ya ce, "Nomau, kar ka bari a rufe ni cikin jar ƙasar mutane. Kai ni in mutu inda aka binne cibiyata."

Na ce mashi kwana uku mun isa. Wannan alkawarin shi ne kayan da na ɗauko, ya fi duk abin da Alhaji ya cusa a kofur, wato wurin kaya na bayan mota, nauyi.

Kayan Isuhu ba su da yawa: buta, rediyo da ba ta magana, sai wani farin yadi a naɗe cikin leda, da sabulu da ɗan turare a ciki. Likkafaninsa ne, ya saya tun ciwon bai kwantar da shi ba. Ya zauna a kujerar baya ya jingina da ƙofa, ya ɗora shi kan cinya. Duk sanda na ɗaga ido na dubi madubi, farin nan nake fara gani kafin in ga hanya. Ni kuwa mutum ne da ko makara aka wuce da ita sai na yini ban ci tuwo da daɗi ba. Da muka tsaya shan esansi, wato fetur, a bayan gari, Isuhu ya lallaɓa ya zaga, sai na yi wuf na ɗaga katifar kujerar baya, na cusa ƙullin a ƙarƙashi, na danne. Ban sa shi a kofur ba don na san ƴan duwan masu binciken kaya a iyaka za su buɗe su warware shi a gabana suna tambaya. Da ya dawo ya nema, na ce yana kofur, kar ya yi datti. Ya dube ni ɗan jim.

Kafin mu kai Dasa motar ta fara. Rana tsaka, hanya miƙe, babu rami babu tudu. Na juya na ce wa Isuhu mun ci kashi ɗaya na ƙasar nan, in Allah ya so gobe war haka muna jin warin gida. Ba a jima ba motar ta yi tari sau biyu, ta yi rawar ɗari, ta yi shiru. Irin shirun da kake jin ƙarar tayoyi kaɗai suna gangarawa. Na dubi madubi, babu kowa a kujerar baya.

Sai da na taka birki na waiwaya sannan na gan shi. Ya kwanta a gefen dama, tafin hannu ƙarƙashin kunci, ƙafafu a haɗe, daidai yadda ake ajiye mutum a kabari. Na kira sunansa sau uku. A na ukun ya buɗe ido ɗaya ya ce in daina murna, ban gaji butarsa ba tukuna.

Na murza kontak, injin na juyawa amma ya ƙi kamawa. Zafi ya fara dafa mu, dole na ciccibo shi na shimfiɗa mashi tabarma ƙarƙashin wani mangwaro. Can wani makanike ya iso a kan babur, ba ya jin Hausa, ni kuma Faransancina na gaisuwa da jandarma ne. Ya shiga ya murza sau ɗaya, motar ta tashi kamar ba ita ba. Ya dube ni irin kallon da ake yi wa ɗan ƙauye. Duk da haka bai tafi hannu banza ba, sai da ya canza mani buji huɗu, ya zuba tsofaffin a aljihu, kuma na tabbata lafiyarsu ƙalau.

A Faraku ta sake, muna fita gari. Na kwantar da Isuhu a inuwar wani shago, aka tura ta gareji. Nan ma da taɓawa ta tashi. Makaniken farko a garejin ya ce esansin da na sha ne mai datti, ya canza filtir. Na biyu ya zo ya ce ƙarya ne, batir ne. Na uku bai taɓa motar ba, wani tsoho ne mai sayar da tsofaffin tayoyi, ɗan Hausa-Hausa yake yi. Ya zagaya ta yana shinshina, sannan ya ce mani motocin nan da muke rububi, mun taɓa tambayar me ya raba su da masu su? Ya ce akwai wadda mai ita ya mutu a cikinta, kuma irin wannan ba ta son ɗaukar wanda ke kan hanya.

Na yi dariya a gabansa, amma da muka bar garin na buɗe ɗan akwatin gaba na laluba. Na sami tabarau na mace, gilashi ɗaya ya tsage, da wani gashi fari guda ɗaya maƙale a jikinsa. Na yi bisimilla na wurgar da shi cikin daji, na sayi ƙosai na raba wa mutane sadaka a ƙauye na gaba. Isuhu yana kallona ta madubi. Ya ce in dai aljanar Baturiya ce, ai ni ta biyo, don ta ga irin nata, mara wanka.

Tsakanin Kandi da Malanbil sau uku ta mutu. Kwana ukun da na yi alkawari suka ƙare muna cikin ƙasar mutane. A nan na fara lura, don ko jaki in ya faɗa rami ɗaya sau biyar ya kan gane wurin. Muddin ina ganin fuskar Isuhu a madubi, motar lafiya take. Da zarar madubi ya zama wayam, ba na kai ƙirga ashirin sai ta yi tarin nan biyu. In na fitar da shi na kwantar a ƙasa, ta tashi. Ban gaya wa kowa ba. Na riƙe abin a cikina yana ci na, har na kai ga abin da hankalina ya iya kaiwa: ran Isuhu da ran motar nan igiya ɗaya ta ɗaure su. In ya kwanta kwanciyar kabari sai ta bi shi. Kuma wata rana za ta mutu, in waiwaya, in tarar wannan karon shi ya bi ta.

A Malanbil wata mata mai soya kifi a bakin tasha ta ga yadda nake ciccibar shi. Ba ta tambaye mu komai ba, ta janye kwandunanta ta ba shi inuwar rumfarta, ta dama mashi kunu mai ruwa-ruwa ta riƙa ba shi da ludayi kamar ɗanta. Na miƙa mata abin hannuna ta ture. Da za mu tashi ta ja ni gefe, ta ce da Hausarta ta Dandi in yi sauri da shi, ta taɓa ƙafafunsa ta ji sun riga sun kama hanya.

A kan gada, ruwan Kwara na wucewa ƙarƙashinmu, Isuhu ya yi maganar da bai yi ba tun Kwatano. Ya ce ranar da ya ƙetare gadar nan zuwa kudu, cin rani ya tafi, ya ce wa innarsa ta ajiye mashi iri, kafin ruwan shuka ya dawo. Shekarar farko bai samu abin da zai shiga gida da shi ba, ya ce bari ta biyu. Ta biyu ta zama ta biyar. Da innar ta rasu sai bayan wata huɗu labari ya same shi, kuma daga nan kunyar ta fi ƙarfin kuɗin mota. Yayarsa Hajo ta yi ta aiko da saƙo a bakin duk mai zuwa kudu, har ta gaji ta bari. Ya tambaye ni ko tana nan. Na ce tana nan, idanu ne dai suka yi rauni. Ya ce to, ya juya fuska wajen ruwa.

Yini guda takardun duwan suka ci mana a Gaya. A nan, ina zaune a kan benci ina kallon motar tana kallona, dabarar ta zo mani. Da safe na zaunar da Isuhu a kusurwarsa, na tokare shi da jarkar ruwa, na warware rawanina na zagaya ƙirjinsa na ɗaure a jikin matashin kujera. Ya tambaye ni ko kasuwa zan kai shi. Na ce likita ce ta ce zama ya fi mashi. Ƙaryata ta biyu ke nan a tafiyar.

Motar kuwa ta tashi kamar an yi mata bushara. Doso ta wuce, Dogon Dutsi ta wuce, ko tari babu. Ni kuma na saki baki don kar barci ya ɗauke shi. Na yi mashi waƙoƙin noma da muryata mai kama da ta jaki a bazara. Na tuna mashi ranar da ƙudan zuma suka kore shi daga kan kuka ya bar wandonsa a reshe. Na zagi kakanninsa, waɗanda rabinsu nawa ne. In na ga kansa ya fara langaɓewa sai in taka birki da gangan ya farka. Da farko yana ramawa. Wajen Ƙonni ya daina ramawa. Washegari, tsakanin Ƙonni da Maraɗi, sai ya ce da wata murya ƙarama, "Nomau, don girman Allah, kwance ni. Ko na shan ruwa guda."

Na ce, "In mun isa ka kwanta shekara."

Har yau in na tuna amsar nan sai in ji kamar in tofa wa kaina yawu. Amma ku yi mani adalci kaɗan, ni a raina igiyar ransa nake riƙe da ita.

Muka bar kwalta mai kyau a Cadawa, muka yi arewa. Muka wuce Mayahi rana ta kusa tsaka, a cikin bazarar nan da ko kurciya ba ta kuka. Gonaki fayau, sai kututturen gero na bara da itatuwan gawo tsaye nesa da juna. Farin ciki ya kama ni, na ce mashi ya buɗe ido, Kanan-Bakashe ce a gabanmu, daga ita sai Issawane, yau Hajo za ta dama mashi hura da hannunta.

Ina kallonsa a madubi. Ya daɗe yana duban gonakin. Sannan na ga hannunsa, wanda tun safe ko buta ba ya iya ɗagawa, ya tashi a hankali ya laluba ƙullin rawanin. Na ce kar ka yi. Fuskar ta zame ta fita daga madubin. Na fara ƙirgawa ba da sona ba, ina kan goma sha bakwai motar ta yi tari.

Wannan karon ban iya fitar da shi ba. Na buɗe ƙofar baya na tsaya, hannuna ya ƙi zuwa. Yana kwance a dama, ido rufe, numfashin sai ka kasa kunne kafin ka ji shi. Na koma na yi ta murza kontak har batir ya fara ja da ƙyar. Babu mota, babu mutum, babu ko akuya. Wata ƴar guguwa ta taso daga gona, ta hau hanya, ta tsaya a gaban motar tana juyi da ganyaye kamar mai jiran a ba ta wuri, sannan ta ratse ta yi gabas. Na karanta duk abin da na haddace, wanda ba shi da yawa, na sake daga farko. Tafiyar da ta rage ba ta kai ta awa guda ba, ga shi zan rufe ɗan kawuna a bakin hanya bayan na ɗauko shi daga bakin teku.

Ƙarar ƙafar jaki na fara ji. Amalanke ce, da wani dattijo a kai, ya naɗe fuska da baƙin rawani sai idanu, a bayansa injin niƙa a ɗaure. Ya yi sallama ya ce sunansa Agali, kakanninsa daga Abzin suka sauko, shi kuwa gyaran injin niƙa da na ban ruwa yake yi, ranar kasuwar Kanan-Bakashe ce zai kai aiki. Na ruga zan buɗe mashi kapo ya ga injin, ya ce in bari. Ya tsuguna a inuwar motar ya ce in ba shi labari tun daga farko, kar in tsallake komai.

Na lissafa mashi buji da filtir da batir. Ya tambaye ni da zafi take mutuwa ko da sanyi, a rami ko a shimfiɗe, tanki cike ko ya yi ƙasa. Na ce duk ta yi. Ya tambaya, su masu gyaran, sun taɓa ganinta a mace? Na ce ko sau ɗaya, da sun taɓa take tashi. Ya ce to me nake yi tsakanin mutuwarta da zuwansu? Da yake na riga na gama jin kunya a duniya, na gaya mashi maganar igiya, da madubi, da rawani.

Bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi mani sauƙi. Ya leƙa ya dubi Isuhu, ya yi mashi sannu, sannan ya ce mani, "Rabin maganarka gaskiya ce. Kai ka ga abin da su ba su gani ba. Sun yi ta duba mota, alhali ciwon yana kwance ƙarƙashin itace."

Ya buɗe murfin tanki ya kafa kunne a bakin. Ya ce in murza kontak rabi, kar in tayar, kuma in rufe bakina. Ya bayyana mani cewa irin waɗannan motoci famfon da ke tura esansi a cikin tanki yake, in an murza ya kan yi ƙugi kaɗan kamar ƙudan zuma. Na murza. Shiru. Ya ce mu tayar da mara lafiya zaune. Muka kama shi mu biyu, ba shi da nauyin komai. Na sake murzawa, sai ga shi, ni ma daga gaba na ji: wani siririn ƙugi daga ƙarƙashin kujera, kamar wani abu mai rai ya farka. Agali ya ce a kwantar da shi. Ƙugin ya ɗauke. A tayar. Ya dawo. Sau uku muna tayar da mutum muna kwantarwa a tsakiyar daji da rana tsaka, shi kuwa idonsa a buɗe yanzu, yana bin mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Na san dai bayani ake nema, amma tsikar jikina ba ta san haka ba.

Muka shimfiɗa shi a inuwar amalanke. Agali ya sa hannu ya ɗaga katifar kujera, ni kuwa sai a lokacin abin ya faɗo mani, na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Ledar ta yage, farin yadin ya fito, ya lotsa daidai siffar ƙugun mutum. A ƙarƙashinsa akwai wani ɗan murfi, da wayoyi da ke shiga ta wani abin toshi wanda maƙallinsa ya karye tun can ƙasar masu ita. In ba a taɓa shi ba yana zaune lafiya. In nauyi ya sauka kan ƙullin, sai ƙullin ya ture shi gefe, wuta ta yanke wa famfo, injin ya shanye ɗan abin da ya rage a hanya ya mutu.

Agali ya ɗauko yadin da hannu biyu. Ya ga sabulun, ya ji turaren, ya san ko mene ne. Ya tambaya a hankali na wane ne.

Daga ƙarƙashin amalanke Isuhu ya ce, "Nawa ne. Bawana ya ajiye mani a kofur."

Ban ɗaga kai ba. Agali ya yanki tsohuwar robar taya ya ɗaure abin toshin tam, aikin da bai kai tsawon alwala ba. Ya ƙi karɓar komai sai goro ɗaya. Ya karkaɗe yadin, ya sake naɗe shi da kyau, ya kai wa mai shi har inda yake kwance, ba ni ya ba. Muka tura motar ta tashi, ya hau amalankensa ya bi bayanmu har ƙura ta raba mu.

Isuhu ya kwanta a damarsa, ya yi matashi da likkafanin. Motar ta yi ta tafiya. Na san an gyara, na ga wayar da idona, amma ban daina ƙirgawa ba. In na kai ashirin in sake daga ɗaya, madubi wayam, injin na ta maganarsa a hankali. Wannan guntuwar hanyar ta fi mani duk ta baya tsawo, don da can in ta mutu na kan samu dalilin waiwayawa.

Bayan la'asar muka shiga garinsu, yashi na kama tayoyi. Na tsaya a ƙofar gidan kawu. Hajo na zaune a zaure tana tsinkar zogale da laluben hannu. Mutane suka taru, babu wanda ya gane abin da na ciccibo. Na ajiye shi a gabanta na ce Yaya, ga baƙo. Ta shafa fuskarsa tun daga goshi har haɓa, ta koma ta shafa kunnen hagu inda yake da tsaga tun yarinta. Ta daɗe hannunta na wurin. Sannan ta ce, "Auta, ka ci abinci?" Ta juya ta ce a share ɗakin Inna.

Na kai wa Alhaji motarsa Tasawa, na ce lafiyarta lau, kuma ban yi ƙarya ba, har yau tana yawo tsakanin Tasawa da Maraɗi ba ta sake yin tarin nan ba. Isuhu kwana tara ya yi. An rufe shi da yadinsa, bayan an wanke warin esansi, taku kaɗan daga innarsa.

A kwana na shida na koma duba shi a motar kasuwa. Na same shi a ɗakin, an jingina shi da bango, Hajo ta fita ɗebo ruwa. Na zauna na fara kame-kame, ina son in roƙi gafarar rawani da ƙaryar kofur, bakina ya ƙi saba wa wasa. Na ce dai ya yafe wa bawansa, jahilci ne. Ya yi murmushi, ya ce in matso. Abin da ya faɗa mani ban ba shi amsa ba a ranar, na ce sai na dawo, kuma da na dawo ana haƙa kabarinsa.

Ya ce, "Tun Dasa na ji likkafanin a ƙarƙashina, Nomau. Tun Faraku na gane in na danne shi motar tana tsayawa. Kai hwa kake sauri. Ni ban gama jin kunya ba."